Masu Yashi: Sana'ar da Ke Ɗauko Kaduna daga Ƙarƙashin Ruwa

Duk ginin bulo da ke Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha, in da za a warware shi a ware kayan da ke jikinsa, za a tarar siminti ɗan kaɗan ne, rodi bai kai shi yawa ba, kaso mafi tsoka yashi ne. Mai gini ya san kamfanin da ya yi simintinsa, ya san shagon da ya sayi rodi, ya san birkilan da ya ɗora masa bulo har da sunan garinsu. Yashi kuwa, iyakar saninsa tifa ta zo ta juye a ƙofar fili, ya biya direba, an rabu. Wanda ya nutsa ya ɗebo, da wanda ya tuƙo kwale-kwale, da wanda ya watsa shi cikin mota da shebur, babu ɗayansu da ya taɓa shiga lissafinsa.

Ba nisa ne ya ɓoye su ba. Birnin ne ya juya wa koginsa baya. Baƙon da ya zo Kaduna yana son ganin ruwa, wurin shaƙatawa na Gamji ake kai shi, a gaɓar arewa, ya ɗauki hoto a kan 'yar gadar Lugga da aka ciro daga Zungeru a 1954. Mai mota kuma ya bi ta kan gada daga shataletalen filin wasa zuwa na tashar jirgi, idonsa na kan cunkoso. Gaɓar kudu, daga wajen Kamazo a gangaro ta bayan Barnawa da Makera har Nasarawa da Kudenda, sai mai dalili ke taka ta. Kwalta na ƙarewa a bayan gidaje na ƙarshe, daga nan sai hanyar da tayoyin tifa suka fasa, ta ratsa lambunan alayyafo da kabeji da rake, ta ɓulla wani fili mai tsibin yashi, da rumfunan kara, da mai shayi, da mai garau-garau, da kwale-kwale a jere a bakin ruwa. Tafiyar 'yan mintoci ce daga tsakiyar birni, amma zaman wurin zaman ƙauye ne: kowa ya san kowa, baƙon ido kuma tun daga nesa ake gane shi.

Inda yashin ke fitowa

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Filato, kusa da Vom, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Neja daura da Pategi. Duwatsun ƙasar da yake ratsawa suna ruɓewa a hankali, rana ta gasa, ruwa ya jiƙa, su farfashe. Damina ta kwashi ɓarɓashin ta zuba a rafuka, rafuka su miƙa wa uwar kogi. A hanya ruwan da kansa yake tankaɗe kayan. Inda yake gudu da ƙarfi, tsakuwa da yashi mai kaushi kaɗai ke iya zama. Inda ya lafa, sai rairayi ya kwanta. Laka kuwa ba ta sauka sai ruwa ya kusa tsayawa cak. Shi ya sa a kowace kwana ta kogi, ta ciki ce ke tara yashi, ta waje kuma ruwa ke ci.

A daidai birnin Kaduna ƙasan kogin dutse ne, kamar yadda kowa ke gani daga kan gada da rani. Yashin na taruwa ne a kwaruruka tsakanin duwatsu da bayan manyan fannai. Madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, tana can ƙasa da birnin, a Jihar Neja, don haka ba ta tare abin da ke gangarowa Kaduna. Kowace damina kogin na mayar da wani abu daga cikin abin da aka ɗiba. Wannan mayarwa ita ce jarin sana'ar gaba ɗaya, kuma babu wanda ya zuba ko sisi a cikinta.

Yadda ake aikin

Aikin iri biyu ne, ruwa ke zaɓar wanda za a yi. Da rani, daga wajen Janairu zuwa Afrilu, in ruwa ya janye, tuddan yashi kan fito fili. A lokacin shebur da kwanon sarki da baro sun wadatar, wani wurin ma tifa kan gangara har cikin kogin a yi mata lodi nan take. Wannan ne aikin da kowane mai ƙarfi zai iya, shi ya sa 'yan ci-rani ke cika wurin.

Ɗaya aikin shi ne na masu sana'ar na ainihi. Sukan fita da sassafe, mutum biyu ko uku a kwale-kwale, ɗaya a baya yana tuƙi da doguwar gora. Kafin a tsaya sai an caka gorar a ƙasan ruwa an ji abin da ta taɓa. Dutse na mayar da ita da ƙarfi, taɓo na riƙe ta, yashi kuwa yana karɓarta da wani ƙaras-ƙaras da hannun gwani ke ji tun kafin kunne. In an dace, sai a kafa gorar a ɗaure jirgi. Mai nutso ya tuɓe ya saura gajeren wando, ya ɗauki bokitin ƙarfe da aka huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye. Inda ruwa ya tsaya a ƙirji, duƙawa yake yi ya kamfato. Inda ya shanye kai, sai ya ja numfashi ya bi jikin gorar ya sauka, ya tura bakin bokiti cikin yashi, ya cika shi da hannu, ya dako ƙasa da ƙafa ya taso. Na cikin jirgi ya karɓa ya juye, ya miƙo masa fanko.

A ƙasan ruwan ido ba ya aiki, musamman da damina da kogin ke yin ja. Komai da lalube ake yi. Jiƙaƙƙen yashi kuma ba abin wasa ba ne: bokiti mai cin lita 20 in ya cika ya kusa kilo 40, kimanin kilo goma ne kawai tsakaninsa da buhun siminti. Haka za a yi ta yi har jirgi ya nutse ya saura ɗan kaɗan ruwa ya kai bakinsa. Komawa gaɓa ita ce mafi wuya. Ba a motsin banza, ba a tsayuwa ba shiri, yaro na duƙe yana kwarfe ruwan da ke tsatsowa daga yashin, matuƙi na karanta igiyar ruwa don kada ta bugi jirgin ta gefe. Jirgin da ya kife da lodi ba ya tasowa da kansa.

A gaɓa wasu ne ke karɓa. 'Yan sauke su shiga jirgin da shebur su watso yashin tudu, a bar shi ya tsane. Sai tifa ta zo 'yan lodi su kewaye ta, su yi ta cilla shi sama da tsayin mutum, shebur na bin shebur, ana waƙa ana tsiya. Ke nan kafin yashi ya bar bakin kogi an ɗaga shi da ƙarfin damtse sau uku: daga ƙasan ruwa zuwa jirgi, daga jirgi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa mota.

Sanin yashi

Wanda bai sani ba yana ganin yashi duk ɗaya ne. A bakin ruwa kuwa direba ba ya cewa a ba shi yashi kawai. "Maigida, na filasta nake so, mai laushi, ban da laka," in ji shi, mai tsibi kuma ya amsa, "Oga direba, taɓa ka ji, wannan jiya ya fito daga tsakiya." Mai kaushi, wanda ƙwayarsa ke da kaifi, shi ne na buga bulo da zuba kankare. Mai laushi na shafe ne, kuma sau da yawa sai an tankaɗe shi da rariyar waya. Akwai mai haɗe da tsakuwa, na ciko da daɓe. Akwai kuma wanda mai mutunci ba ya sayarwa don gini, wato wanda laka ko ruɓaɓɓen ganye ya yi wa yawa.

Gwajin a tafin hannu yake. A damƙi jiƙaƙƙen yashi a matse a buɗe: in ya wargaje ya bar hannu fes, ya yi, in ya dunƙule ya bar jirwaye, da laka a ciki. Injiniyoyi na yin irin wannan gwaji da kwalba, su zuba yashi da ruwa su girgiza su ajiye, laka ta kwanta a sama a auna kaurinta. Dalilin duka ɗaya ne. Laka na lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta, sai bulo ya fito da kyan gani amma yana marmashewa a hannu, shafe kuma ya tsattsage tun kafin a yi fenti. Kankaren da aka saba haɗawa, kwano ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa; a bulo kuwa yashi ya ninka siminti sau da dama. In yashin ya ɓaci, babu kyan simintin da zai cece shi. Duk lokacin da bene ya rufta a ƙasar nan, bakin mutane na kan rodi da siminti, ba kasafai ake tambayar daga wane rami aka ɗebo yashin ba.

Wannan kaifin ƙwaya shi ne ya sa yashin kogi ya fi na hamada daraja. Iska ta goge na hamada ya yi sumul, ba ya riƙe juna a cikin kankare. Ƙasashen Larabawa da hamada ta kewaye su ma sukan nemi yashin gini daga wani wuri.

Rabon kuɗi

Ba albashi a wannan sana'a, kuma ba a biyan yini. Jirgi ake ƙirgawa, da mota. Mai kwale-kwale na da kasonsa ko da bai jiƙa ƙafa ba, domin shi ya sayi katako ya biya kafinta, shi kuma ke toshe ɓaraka. Masu nutso su raba nasu, 'yan sauke a biya su kan kowane jirgi, 'yan lodi kan kowace tifa. Mai filin da ake tsibi a kai na karɓar nasa, ƙungiya na yankar tikiti, ga masu karɓar haraji a hanya. Bayan nan sai direba da karen motarsa da mai motar, sai dillalin da ya haɗa mai gini da direba.

In aka bi kuɗin da mai gini ya biya aka rarraba, abin da ya fi cinyewa shi ne man dizal da gyaran mota, musamman in za a kai unguwanni masu nisa irin su Gonin Gora ko Mararrabar Rido. Wanda ya fi kowa sayar da rai, wato mai nutso, nasa bai taka kara ya karya ba. Farashi kuma na bin ruwa. A Agusta da Satumba, in kogi ya cika ya batse, nutso na zama ganganci, hanyar tifa ta zama taɓo, yashi ya yi tsada. Mai ɗan hali yakan tara tsibi tun da rani ya jira wannan lokaci. Wanda ba shi da hali kuwa, abin da ya ɗebo yau shi zai ci yau, shi ya sa adashi ya kafu a tsakaninsu: da shi ake sayen jirgi, da shi ake aure, da shi ake jinya.

Su wane ne, kuma yaya aka faro?

Kaduna gari ne da jirgin ƙasa da mulkin Turawa suka haifa. Layin dogo ya iso a 1911, hedikwatar Arewa ta dawo nan daga Zungeru a 1917. Shekaru da dama bayan haka ginin talaka na ƙasa ne, siminti sai gidajen gwamnati da na reluwe. Masana'antu ne suka canza gaɓar kudu. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai a 1980. Ma'aikata suka kwararo, ƙauyukan Gbagyi suka zama unguwanni, kuɗin mai ya sa kowa na son gidan bulo. A 1975 ɗin nan ne jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas wata da watanni. Kowane buhu da ya iso Kaduna kuwa, sai an nemo masa abokin haɗi daga kogi.

Waɗanda suka fi dacewa da aikin su ne waɗanda suka riga suka san ruwa, wato masunta da 'ya'yansu. Suna da jirgi, sun iya nutso, sun san kowane dutse. Su kuma a lokacin kifi ya fara ja baya, domin dattin masana'antu na bin magudanar Kakuri da Makera yana shiga kogi, ga sharar gari. Mai jefa birgi ya ga tarwaɗa da karfasa sai an dace, yashi kuwa kullum yana nan kuma kullum da mai saye. Har yau akwai masu haɗa biyun, su ɗana raga da yamma, su yi yashi da safe.

Da masaƙu suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi, wasunsu da 'ya'yansu suka gangaro bakin ruwa suka kama shebur. Rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma sun sa jama'a sun yi ƙaura, kowa ya koma ɓangaren da yake ganin ya fi masa kwanciyar hankali, kogin ya zama kamar iyaka. Wannan ƙaura ta haifar da sabbin unguwanni a kudu da arewa, sabbin unguwanni kuma na nufin ƙarin yashi. A tashar yashi dai iyakar ba ta da ƙarfi sosai. Bahaushe da Bagwari da Bajju da Banufe na lodin mota guda, Hausa ce harshen aiki, kuma wanda ke ƙarƙashin ruwa bai damu da addinin hannun da zai karɓi bokitinsa ba, muddin hannun bai sake shi ba.

Koyo daga ƙasa ake farawa. Yaro ya fara da kwarfe ruwa da wankin jirgi, ya koma shebur, ya koyi riƙe gora, sannan a bar shi ya shiga ruwa mara zurfi. Ba a ce ya iya ba sai ya san abubuwan da ba a faɗa da baki: canjin launin ruwa da ke nuna an yi ruwan sama can gabas, alhali nan rana ake ƙwallawa, inda ruwa ke juyawa a bayan dutse, da ranar da ya kamata a haƙura a zauna a rumfa. Dattawan wurin kan tuna wa matasa cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Abin da jiki ke biya

Da hunturu, a Disamba da Janairu, mutum na fitowa daga ruwa yana kaɗuwa, ya tsuguna gaban wutar kara, ya koma. Ciwon kunne, jan ido, ƙaiƙayi, ciwon baya da na ƙirji, duk abokan sana'a ne. Ga tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune. Ga fasasshiyar kwalba da gwangwani a ƙasan ruwa. Da yawa na dogara da ƙwayoyin kashe ciwo na masu talla, wasu matasan har su zarce zuwa abin da ya fi haka. Ba inshora, ba fansho. Ranar da ƙarfi ya ƙare, in an tara an sayi jirgi to, in ba a tara ba sai gadin tsibi.

Akwai kuma aikin da ba a biyansu. In yaro ya nutse wurin wanka, ko ambaliya ta ci unguwa kamar yadda ta yi a 2003 da 2012, mutanen da ake fara rugawa a kira su ne masu jirgi da masu nutso. Su ke kwaso mutane daga kan rufi, su ke lalubo gawa don iyaye su samu abin binnewa.

Inji, doka, da iyakar kogi

Sai dai sana'ar ba ta da tsarki daga laifi. Ramin da aka haƙa da rani, in ruwa ya rufe shi, tarko ne ga mai wanka da mai tsallakawa da ƙafa. Yankan gaɓa na sa ƙasa ta zabtare ta tafi da lambun wani. Haƙa kusa da gada na tone ƙafafunta. Masu yashi kan kare kansu da cewa su ke yashe kogi, ba don su ba da ya cushe ambaliya ta fi haka. Akwai gaskiya a ciki, amma iyakarta wanda ya ɗebi abin da damina ta kawo a tsakiyar ruwa. Wanda ya ci gaɓa ba yashewa yake yi ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne injin zuƙo yashi, mai tsotsowa ta bututu ya feso tudu, da katafila mai cika tifa da 'yan cokula. Abin da jirage da yawa za su yini suna ɗebowa, inji na fitar da shi kafin azahar. Bokiti na da iyaka, domin numfashin mutum na da iyaka. Inji kuwa ba ya tsayawa sai dizal ya ƙare. In abin da ake fitarwa ya zarce abin da damina ke mayarwa, ƙasan kogi zai yi ta zurfi, ruwa ya shiga cin gaɓa don ya cike gurbi, rijiyoyin masu lambu su ja baya.

Ba Kaduna kaɗai ba ce. A Bamako da Koulikoro masuntan Bozo da yawa sun koma nutson yashi a Kogin Neja, a Legas ma haka ake yi a cikin tafkin da ya kewaye birnin. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa duniya na cinye tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa duk shekara, babu abin da ɗan Adam ke ɗiba fiye da shi sai ruwa. A Najeriya, dokar ma'adinai ta 2007 ta sa haƙar yashi ƙarƙashin izinin gwamnatin tarayya, hukumar NIWA na da iko da manyan hanyoyin ruwa, jiha na da hukumar kare muhalli ta KEPA, ƙananan hukumomi kuma na neman haraji. Masu iko sun yi yawa, amma mai bokiti ya fi saninsu ta fuskar rasit.

Hana sana'ar ba zai hana gini ba. Zai mayar da ita aikin dare ne, ko ya miƙa ta kacokan ga masu inji. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin hukuma ba: a shata tazarar da ba a haƙa kusa da gada da gaɓa da wurin zuƙar ruwan sha, a ƙayyade wa inji abin da zai fitar a shekara, a kafa alama a kan ramuka, a yi wa ƙungiyoyin masu jirgi rajista, a mayar da wani kaso na kuɗin tikiti ya zama rigunan ruwa da maganin tsargiya. Duk wannan kuwa ba zai yiwu daga ofis ba. Babu taswirar da ta nuna inda ƙasan Kogin Kaduna ya zurfafa bana da inda ya cike, sai wadda ke cikin kawunan mutanen da ke taka shi da ƙafa kowace safiya. Hukumar da ke son ta san nawa kogin zai iya bayarwa ba tare da ya ci gari ba, dole ta gangara bakin ruwa ta zauna da su, ta tambaya, ta kuma biya su ladan amsar.